Lambun Arzika a Gonar Aro

A Jiga Makera, in ka ce Arzika sai an tambaye ka wanne, don sunan ya yi yawa a ƙasar Aliero. In ka ce Arzika Fulawa kuwa, ba mai sake tambaya. Wani zai taɓe baki, wani ya ja tsaki, dattawa su kau da kai kamar ba su ji ba. Ba don yabo aka laƙaba masa sunan ba, shi ma ya sani, amma bai taɓa roƙon kowa ya daina ba. Abin da ya haɗa shi da mutanen garin lambu ne guda ɗaya, wanda ya tsara a kan ƙasar da ba tasa ba.

Dogo ne siriri, mai ɗan ranƙwafawa, tafin hannunsa kamar ɓawon icce. Ba mutum ne mai daɗin zama ba. In ka gaishe shi zai amsa, amma idonsa na kan bishiyar da ke bayanka, yana duba inda aka yi mata mugun sara. Yana da raini, irin rainin wanda ya ga wani abu a wata ƙasa, ya dawo gida ya tarar ba wanda ya damu ya ji.

Mahaifinsa, Malam Ummaru, manomin albasa ne, haka ma wansa Mu'azu. Tun suna yara aka ga bambancinsu. In ana yanka fangali don dashen albasa, Mu'azu kan ja nasa a miƙe kamar an sa zare. Arzika kuwa sai ya kewaye wata 'yar ciyawa mai shuɗin fure, ya bar ta tsaye a tsakiyar aiki. Ya sha duka a kan wannan har masu dukan suka gaji. Da ya tasa ya tafi cin rani wata shekara, damina ta faɗi bai dawo ba.

Ƙafa ta kai shi Kaduna, ya samu aikin tura baro a wani babban lambun shaƙatawa da ke bakin kogi. Taki yake kwasa, ya share ganye, ya ja tiyo, kuma ya daɗe a haka bai ɗaga kai ba. Sai wata rana da la'asar, an tashi daga aiki, ya bi hanyar da baƙi ke bi maimakon ta ma'aikata, don kawai ya je ya wanke ƙafa. Hanyar ba ta nufi ruwa kai tsaye ba. Ta lanƙwasa ta bayan wata tsohuwar bishiya, shinge ya tare masa gani, yana jin motsin ruwa amma ba ya ganinsa. Ya ji ƙafarsa ta rage sauri da kanta. Da ya sha kwanar sai ga kogin a buɗe gaba ɗaya, rana ta kwanta a kansa, ga benci an ajiye daidai inda mutum zai so ya zauna.

Ba kyan kogin ne ya kama Arzika ba, kullum yana ganinsa. Abin da ya kama shi shi ne wani mutum, wanda bai ko san sunansa ba, ya taɓa tsayawa a nan tun bishiyar tana ƙarama, ya san inda inuwarta za ta faɗi, ya san inda idon baƙo zai sauka, ya ɓoye masa kogin da gangan don ya miƙa masa shi a lokacin da ya dace.

Daga ranar ya zama mai kallon lambuna. Ranar hutu sai ya bi unguwannin manya yana leƙa ta tsakanin shinge, ya tsaya a harabar makarantu da farfajiyar masallatai. Ya koyi karanta halin mutum daga shukarsa. Wannan mai haɗama ne, ya cusa komai wuri guda. Wancan matsoraci ne, ya jera bishiyoyi kamar sojoji. In ya ci karo da lambun mai haƙuri, yakan yini bai ci abinci ba yana zagaya shi. Daga baya ya koma Sakkwato, ya samu aikin kula da lambu a wani gidan saukar baƙi na gwamnati, ya auri Rakiya, suka haifi ɗa namiji, Naziru. Ya yi shekaru masu yawa a can, amma kullum da mai ce masa shuka nan, yanke can. Bai taɓa samun ƙasar da zai tsara yadda ransa ke so ba.

Shekarar da aka yanke Jihar Kebbi daga Sakkwato, aka ce ma'aikata kowa ya koma jiharsa. Arzika ya ga furfura ta soma cin masa gemu, ya ajiye aikin, ya ɗaure kayansa ya dawo gida da Rakiya. Naziru ya tsaya a Jega yana koyon gyaran mota.

Malam Ummaru ya riga ya rasu da daɗewa. Lokacin Arzika ya zo gaisuwa ne kawai ya juya, bai tsaya rabon gado ba. Fadamar da ke da rijiya ta faɗa hannun Mu'azu, wanda ya tsufa a cikinta. Shi kuma aka ba shi wani tudu can wajen hanyar Maiyama, fili mai faɗi amma jar tsakuwa ce zalla, ko gero da kyar yake tashi. Bai taɓa zuwa ya duba shi ba.

Mu'azu bai ƙi ƙanensa ba da farko. Ya kira shi zaure, ga liman, ga kuma Goggo Aishatu, ƙanwar mahaifinsu, wadda ta san iyakar kowace gona ta gidan.

"Ga wurin nan na bakin rijiya," in ji Mu'azu. "Ka noma ka ci. Amma aro na, Arzika. Gaban Goggo nika hwaɗi."

"Na ji, Yaya."

Duk wanda ya tashi a ƙasar ya san abin da kalmar ke ɗauke da shi. Gonar aro ana shuka mata abin da za a girbe a tashi: albasa, barkono, tumatir, gero. Ba a dasa mata icce. Icce na wanda ya dasa shi ne, ko ƙasar ta wa ce, kuma yana daɗewa fiye da mai aro da mai ba da aron da shaidunsu. Wata rana jikoki za su tsaya a gindinsa su ce kakanmu ya dasa, daga nan ƙasa ta soma sauya hannu. Arzika ya san wannan tun yana yaro. Sai dai ya ɗauka magana ce ta tsakanin bare da bare.

Ranin farko mutane suka zuba ido su ga albasar ɗan birni. Maimakon fangali sai suka ga yana haƙa wani dogon rami mai zurfin gwiwa, wanda ya tashi daga bakin hanya ya karkace kamar lauje. Ya ari jaki ya riƙa ɗauko jar tsakuwa daga tudunsa yana cikawa. Rakiya ta jiƙa makuba, suka daɓe saman kamar yadda mata ke daɓe ɗakin amarya, har ya yi ƙarfi yana ƙyalli.

Masu wucewa zuwa fadama suka samu abin yi.

"Arzika, maciji yab bi nan kab bi sawunai?"

"Ko igiyar awo ta ɓace maka mu ara maka?"

Bai ɗago ba. "Jaki aka yi ma miƙaƙƙiyar hanya," in ji shi. "Wagga ta mutane ta."

Wannan amsar ta zaga gari kafin azahar, kuma ba wanda ya yafe masa ita. Da ya shuka furanni gefen hanyar, ja da rawaya da wani fari mai ƙamshi, sai tsokanar ta ƙaru. Wani mahauci ya tsayar da kekensa ya tambaye shi da me ake cin fulawa, da tuwo ko da fura. Daga nan sunan ya bi shi.

Ranar wata kasuwar Jega ya dawo a bayan a-kori-kura da 'yan itatuwa cikin baƙaƙen ledoji: mangwaro mai aure, gwaiba, lemun tsami, ruman, da damin sandunan lalle. Ya dasa su da rana tsaka, kowa na gani. Mangwaron mafi ƙarfi ya sa shi daidai cikin lanƙwasar hanyar.

Sai tsokana ta ɗauke ɗif. Masu wucewa suka koma wucewa shiru, wasu ma su sauya hanya. Arzika ya dawo gida yana murmushi, abin da ba a saba gani ba.

"Sun hwara gani," ya ce wa Rakiya. "Yau ba wanda yat tanka."

Rakiya ta ajiye tankaɗen da take yi. "Malam, ka san abin da kay yi kuwa?"

"Mangwaro nid dasa."

"Ga ƙasar wa?"

"Ga ƙasar ubana."

"Ubanka ya rasu, an raba. Ƙasar Yaya Mu'azu ta."

"Ni da shi ciki guda munka hito."

"Ɗiyanku ba ciki guda sunka hito ba," in ji ta, ta ɗauki rariyarta.

Ya yi tsaki ya ce mata ba ta san komai a kan lambu ba. Ta ce gaskiya ne, amma ta san mutane.

Mu'azu bai tunkare shi ba. Babba ne, kuma yana jin nauyin a ce ya tsaya cacar baki da ƙanensa a kan tsiron da bai kai gwiwa ba. Ya jira Arzika ya gane da kansa ya tumɓuke. Da bai tumɓuke ba, sai akushin tuwon da ake kai wa gidan Arzika ran Juma'a ya daina zuwa. Gaisuwa ta koma ɗaga hannu, ɗaga hannu ya koma kallon gefe. Wata safiya Arzika ya tarar an toshe magudanar da ke kawo masa ruwa daga injin ban ruwan Mu'azu, an liƙe ta da laka an bi da ƙafa. Rijiya dai ba a hana mutum, don haka ya sayi guga, ya riƙa ja da hannu yana kaiwa da bokiti, icce bayan icce, har kafaɗarsa ta kumbura. Awakin gidan Mu'azu suka soma kuskuren shiga lambun, suka cinye kan gwaiba. Arzika ya saro ƙaya ya kewaye wurin. A idon gari wannan ya fi dashen muni: ya dasa, yanzu kuma ya shinge.

A masallaci sahu kan ɗan buɗe a gefensa. In an yi suna ko ɗaurin aure sai ya ji labari bayan an watse. Shi ma bai rage komai ba. Ya ce wa wani maƙwabci darbejiyar ƙofar gidansa ta fi shi hankali, don ita ta san inda za ta yi reshe. Ya ce mutanen garin in an kai su Aljanna za su tambayi inda za a yanka fangali. Duk abin da ya faɗa sai an kai wa Mu'azu, da ƙari.

Lambun kuwa bai san ana yi ba, sai girma yake. Cikin 'yan shekaru lallen ya haɗe ya zama bango kore, in ya yi fure ƙamshinsa har bakin hanya. Mai shiga zai bi ta wata 'yar ƙofa a jikin shingen, jar hanya ta karɓe shi, lemun tsami a dama, ruman a hagu, furanni a ƙasa ba su yi yawa ba ba su yi kaɗan ba. Ba ya ganin gaba, don mangwaron ya buɗe ya tare. Sai ya sha kwana. A nan Arzika ya bar shingen a buɗe, ya girka wani kututture ya sassaƙe shi ya zama wurin zama. Duk fadamar Mu'azu ce shimfiɗe a gaban mutum, lawashi kore shar har inda ido ya tsaya, can gefe kuma albasar iri ta yi fararen kawuna, ƙudan zuma na yawo a kai. Arzika ba shi da kogi, sai ya yi kogi da albasar wansa. Ba wanda ya taɓa shiga ya gani, ban da Rakiya.

Shekarar da mangwaron ya yi 'ya'yan fari, Arzika ya zaɓi mafi kyau ya cika kwando, ya rufe da ganye, ya ce Rakiya ta kai gidan Yaya. A ransa sulhu yake nema. Rakiya ta tsaya tana kallon kwandon.

"In ka aika mishi, ka ce naka na kaka ba shi."

"To na wa na? Kai mishi."

Ta kai. Kafin ta gama cire mayafi kwandon ya dawo, ba a taɓa ko ɗaya ba, da saƙon cewa Mu'azu zai zo lambu bayan la'asar, shi da Goggo.

Suka zo. Goggo Aishatu na dogara sanda, Mu'azu na biye, gajere kakkaura, rigarsa duk shatin laka. Ya tsaya a bakin 'yar ƙofar ya ƙi shiga.

"Sannu da zuwa, Goggo. Yaya, shigo."

"Izini kaka ba ni in shiga gonata?"

"Ku shiga ku duka," in ji Goggo. "Ƙahwahuna ba su ɗaukar tsayi."

Arzika ya wuce gaba.  Shekara da shekaru yana jiran wani ya bi hanyar nan. Yana jin takun Mu'azu a bayansa, kuma ya ji lokacin da takun ya rage sauri a gindin mangwaron, kamar yadda nasa ya taɓa ragewa a Kaduna. Suka sha kwanar. Rana ta yi sanyi ta kwanta a kan lawashi, fararen kawunan albasar iri suna kaɗawa. Mu'azu ya tsaya. Tun yana yaro yake sunkuye a cikin fadamar nan, bai taɓa ganinta daga waje ba. Ya daɗe yana kallo, har Arzika ya soma sa ran ya gane.

Mu'azu ya dubi kututturen, ya dubi fadamar, ya juyo.

"Ashe nan kaka zama kana auna gonata."

"Yaya, ba awo ba na. Duba dai. Don a gan ta niy yi."

"Wa za shi gan ta? Naziru? Ka aje mishi wurin zama, shi zauna shi zaɓi inda za shi hwara?" Muryarsa ba ta tashi ba. "Na ga an yi haka Maiyama. Mutum ya ba abokinai aro, abokin yad dasa giginya. Yau jikokin mai gona lebura sukai cikin gonar kakansu. Ni ban yi boko ba, ban ga Kaduna ba, amma ba a yi min wagga ina da rai."

"Ƙasarka ta dame ni? In albasa nika so, da ban bar garin ga ba."

"Ka ji ko, Goggo? Abin da yac ciyar da shi shika zagi."

Goggo ta zauna a kan kututturen, ta ɗora haɓa a kan sandarta. Ta bar su suka yi har suka gaji, sannan ta ce akwai mafita, kuma ba sabuwa ba ce. Arzika ya tara liman da dattawa, ya faɗa da bakinsa cewa duk iccen da ke wurin ya ba Mu'azu kyauta, shi da zuriyarsa ba su da ko ganye. In ya yi haka icce ya bi ƙasa, magana ta mutu, ba sai an sare komai ba.

Arzika ya auna maganar. Abin ya yi masa ɗaci, amma ya ga zai iya haɗiyewa. Ba sunan mai icce ne ya dame shi ba.

"Na yarda," ya ce. "In dai za a bar wurin yadda shike."

"Iccen za ni bari," in ji Mu'azu. "Mangwaro abin amfani na, lemu ma haka. Amma shingen ga za shi hita, shina tare min iska. Wagga karkatacciyar hanya a miƙe ta, amalanke ta samu wurin wucewa zuwa rijiya. Inda fulawa take a yanka fangali. Ƙasa mai ruwa ba ta zama banza."

"To mi yar rage?"

"Icce. Ba shi kad dasa ba?"

Arzika ya dubi wansa, ya ga ba mugunta yake yi ba a wannan karon, iyakar abin da ya gani ke nan: itatuwa masu 'ya'ya, da ɓarnar fili a tsakaninsu. Ya hango wurin yadda zai koma. Mangwaron na tsaye ba abin da yake ɓoyewa, hanya ta wuce shi a miƙe, kututturen an faskara an kai murhu. Kullum zai wuce ya ga itatuwansa a raye, suna tsaye kamar baƙi a tasha.

"Ban bayar ba," ya ce.

"Arzika," in ji Goggo, "kai dai tun kana yaro ba ka jin magana."

"Goggo, ku gahwarce ni. Aro anka ba ni, ƙasa za ni maidawa yadda anka ba ni ita."

Washegari da hantsi, lokacin da fadama ta cika da masu ban ruwa, aka ji sara. Arzika ne da gatari. Ya fara da ruman, ya bi da lemun, ya bi da gwaiba. Mutane suka bar aikinsu suka taru a bakin shinge. Da ya nufi mangwaron, wanda ke ɗauke da 'ya'ya har rassa na lanƙwasa, wani dattijo ya ce masa ya ji tsoron Allah. Mu'azu ya iso da gudu, numfashinsa na fita da kyar.

"Kai mahaukaci na? Icce mai ɗiya kaka sara?"

"Nawa na, Yaya. Kai kac ce."

Ba mai iya hana shi, don al'adar da ta kama shi ita ce ta ba shi gatarin. Ya daɗe a kan mangwaron, sara na kaucewa. Da ya faɗi, 'ya'yan suka watsu har cikin fangalin Mu'azu, ba wanda ya sunkuya ya ɗauka. Sai ga Rakiya. Ta zo da fartanya ta tono saiwoyin lallen, ta ɗaure su a zane ta ɗora a ka. Ta yi kwanaki tana ajiye masa abinci ba tare da ta dube shi ba.

Garin ya yafe wa mutane abubuwa da yawa, amma bai yafe wannan ba. Dashen da ya yi laifi ne a kan Mu'azu, saran kuwa suka ɗauke shi laifi a kan kowa. Har yara aka riƙa ja daga hanyarsa.

Da damina ta kusa, Arzika ya tafi tudunsa na hanyar Maiyama, wanda ya sha ɗibar tsakuwarsa amma bai taɓa tsayawa ya dube shi ba. Ya yini yana zagayawa. Ba rijiya, ba inuwa, sai wata tsohuwar aduwa da 'yan magarya. Daga ƙarshen tudun ana hango ƙasa ta gangara, gonakin gero har gindin sama. Ya tsaya a nan ya daɗe, sannan ya koma baya ya soma jan layi da ƙafa, ya karkata shi ta bayan aduwar.

Wannan lambun bai taɓa kama ƙafar na farko ba. Mangwaro ya ƙi, lemu ya ƙi, furanni sai 'yan watannin ruwa. Abin da ya yarda ya zauna shi ne kurna da magarya da lallen Rakiya, wanda take kai wa ruwa a jarka a kan jaki tana mita. Wani lokaci direban da motarsa ta lalace a hanya kan shiga neman inuwa, ya bi hanyar, ya sha kwana, ya tsaya yana kallo. Arzika kan bar abin da yake yi ya kalli bayan mutumin. Daga Jiga Makera dai ba wanda ya taɓa zuwa.

Mu'azu ya tumɓuke kututturan, ya yanka fangali a wurin, a miƙe. Sai dai tsakuwar da aka binne mai zurfin gwiwa ba ta fita. Ya sa an fasa daɓen, an kwashe abin da aka iya, an zuba taki, amma duk rani in albasa ta tashi, sai wani layi ya fito a tsakiyar koren, inda lawashi ke tsumburewa ya yi rawaya. Yana tashi daga bakin hanya, ya karkace kamar lauje, ya zagaye wurin da babu komai, ya tsaya yana fuskantar fadama. Mu'azu kan tsine wa layin duk shekara.

'Yan'uwan ba su sake magana ba, ko a jana'izar Goggo gefe daban-daban suka tsaya. Amma duk lokacin da albasar iri ta yi fure, akan ga Arzika ya zo da la'asar ya tsaya a kan hanyar gari, inda ƙasa ba ta kowa ba ce, hannuwansa a baya, yana bin rawayan layin da ido har ƙarshensa. Mu'azu na sunkuye cikin fangali, ya san yana nan, ba ya ɗagowa.